Darasi na 9: Raunin Mazakuta, Surutun Gari da Maganar Asibiti

Wannan darasin na manya ne, kuma magana ce mai nauyi a baki, amma ai babu kunya a neman lafiya. Raunin mazakuta shi ne namiji ya kasa samun miƙewar gaba, ko ta miƙe amma ta kwanta tun bai biya buƙata ba, kuma abin ya riƙa maimaituwa har wajen wata 3 ko fiye. In sau ɗaya ne ko biyu, mutum ya dawo daga gona a gajiye ko tunanin bashi ya cika masa kai, toh wannan kam ba ciwo ba ne, kowane namiji yana gamuwa da shi. Kar kuma a haɗa shi da saurin kawowa ko rashin haihuwa, kowanne hanyarsa daban.

A majalisa in aka taso da maganar, kafin ka rufe baki wani ya ce basir ne, wani ya ce sanyin mara ne, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce ai an ɗaure shi ne, musamman in mai mata biyu ne, shikenan sai a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba, gida ya rikice, a yi ta yawo wajen masu karya sihiri alhali mutumin nan suga ne yake cin sa a hankali bai sani ba. Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da suke kumbura a dubura, ba shi ne yake kashe gaba ba. Amma mu komai basir, ciwon baya basir, kasala basir.

Abin da yake faruwa shi ne, miƙewar gaba aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo, hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika wajen. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san in tiyo ya toshe da laka ruwa ba zai zo da ƙarfi ba komai kyawun inji. Ciwon suga, hawan jini, kitse a jini, ƙiba da shan sigari, su ne manyan masu lalata hanyoyin nan, suga ma har jijiyoyin da suke kai saƙon yake taɓawa. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su suke fara nunawa, sau da yawa raunin yakan bayyana 'yan shekaru kafin ciwon zuciya ya fito fili. Mutum ɗan shekara 45 da ya fara ganin haka, gwajin suga da awon jini ya kamata ya fara nema, ba ƙullin gari ba.

Akwai kuma damuwa da fargaba. Ango ya kasa a daren farko, gobe ya shiga ɗaki da tsoron kar a maimaita, tsoron ne kuma zai sa a maimaita ɗin. Irin wannan yawanci za ka ji yana samun miƙewa da asuba lafiya lau. Tramol da kodin da giya su ma suna kashe ƙarfin, duk da samari suna shan tramol wai don su daɗe. Wasu magungunan hawan jini ma suna jawo shi, amma don Allah kar ka daina sha da kanka, koma wa likita ya canza maka wani.

Tsufa fa? Gaskiya abin yana ƙaruwa da shekaru, wani bincike da aka fitar a Amurka a 1994 ya nuna kashi 52 cikin 100 na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da shi, wani kaɗan wani da yawa. Amma ba dole ba ne, kuma dattijo ma ana masa magani.

Yanzu maganar ƙwaya. Sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, kamfanin Pfizer ne ya yi ta, tun asali ma don ciwon zuciya aka fara gwada ta, aka amince da ita a Amurka a 1998. Ana shan ta kamar awa 1 kafin kwanciya, aikinta yakan kai wajen awa 4, in an ci abinci mai maiƙo sosai tana jinkirin kamawa. Akwai tadalafil ita kuma takan kai har awa 36. Ba sa kawo sha'awa, hanyar jini kawai suke buɗewa, kuma ba sa warkar da suga ko hawan jinin da ya jawo matsalar. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe kar ya kuskura ya haɗa su, jininsa zai iya faɗuwa lokaci ɗaya, ana rasa rai a haka. In kuma gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya har awa 4, wannan ba jarumta ba ce, asibiti za a tafi a daren, in aka bari wajen zai iya lalacewa gaba ɗaya. Masu sikila su fi kowa kiyayewa da wannan.

Sai masu lasifika a tasha da ranar kasuwa, da kwalabe jere a kan mota da hotuna marasa kyan gani, magani ɗaya wai yana maganin basir da sanyi da taifot da ƙarin girman gaba. Matsalar ita ce wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗen ana daka ƙwayar bature ne a zuba a ciki, ba awo ba ƙa'ida, kai kana ganin sassaƙe kake sha. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan irin su. Burantashi ma da ake ganin namu ne na gargajiya yana iya tayar da hawan jini da bugun zuciya. Maganar ƙarin girma kuwa, ajiye kuɗinka malam, babu ƙwaya ko man shafawa da yake yin wannan.

In ka je asibiti, tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har na gargajiyan, ka faɗi tun yaushe abin ya fara. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun sati, rage teɓa da barin sigari suna taimakawa sosai. In ƙwaya ba ta yi ba akwai allura da na'urar jan jini, har da tiyata. Uwargida ke ma da naki aikin, gori da habaici ƙara kwantar da shi suke yi, kuma ba wai ya daina son ki ba ne, ki lallaɓa maigida ya je a auna shi.

Aiki: rubuta cututtuka 2 da suke lalata hanyoyin jini. Sannan kafin darasi na gaba kowa ya je asibitin unguwa ko kemis a auna masa hawan jini, ya rubuto lambobi biyun da aka faɗa masa a littafinsa, za mu koyi karanta su tare.