Yadda ake saita parabol a Yamai don kama tashoshin waje

Kafin ka taɓa kile, san tauraron ɗan adam da kake nema, domin kowane da inda yake tsaye. Taurarin talabijin suna jere ne a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, suna zagawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa parabol ke kallon wuri guda shekara da shekaru. Mai son tashoshin Larabawa zai nemi Nilesat a digiri 7 yamma ko Badr na Arabsat a 26 gabas. Canal+ yana kan SES-4 a 22 yamma. Eutelsat 16A da ke 16 gabas yana ɗauke da tashoshin Afirka na kyauta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga gidan maƙwabcin da yake kama abin da kake so, ka kwafi lambobin tasha ɗaya mai ƙarfi daga dikodarsa: firikwansi, H ko V, da lamba ta uku da ke biye. Kada ka dogara da tsohuwar takardar da ta zo cikin kwali, tashoshi suna ƙaura.

Sai wurin kafawa. Mu a Yamai muna digiri 13 da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya, saboda haka taurarin kusan a saman kanmu suke. Katangar maƙwabci ba ta cika tare hanya ba. Abin da ke tarewa shi ne bakin kwanon rufi da rassan bedi. Ka tsaya inda za ka kafa, ka ɗaga kai wajen kudu, ka tabbata sarari ne fetal.

Ƙarfen da parabol zai hau dole ya tsaya cak. Auna shi da ma'aunin ruwa na magina ta gefe biyu, ko ka rataya dutse a zare ka gani. In ya karkace, duk lambobin da ke ƙasa sun tashi a banza. A ƙasa, binne shi da siminti ka bar shi ya kwana biyu. Masu ɗora shi a tsohuwar taya su danne da bulo, iskar farkon damina ce ke raba su da kallo. Bututu mai kauri da bulon ana samun su a kasuwar Katako.

Yanzu ka sauko da ƙaramar tele da dikoda kusa da parabol, ka haɗa da guntuwar waya. Mutum ɗaya a rufi, wani a ɗaki yana ihun "ya zo, ya tafi", wannan aikin yini ne. Cire dikoda daga kuran kafin ka ɗaura waya, don tana tura wuta bolt 13 ko 18 zuwa kan parabol, wato LNB. Wajen fere waya, duba da kyau kada ko silin gashi ɗaya na ragar waje ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Wannan silin kaɗai ya isa ya hana komai fitowa, kuma ya sa mutane da yawa sun sayi sabon kai alhali nasu lafiya lau. A shafin Installation zaɓi tauraronka, sa LNB a Universal, 9750 da 10600, ka shigar da lambobin da ka kwafo.

Ga inda kowane yake daga Yamai. In ka fuskanci alƙibla, kudu tana wajen hannunka na dama, amma kamfas na salula ya fi daidai, muddin ka matsa nesa da ƙarfe. Nilesat yana digiri 214 a kamfas, kudu maso yamma, tsayinsa sama kusan digiri 71. SES-4 yana 242, tsayi 58. Eutelsat 16A yana 133, tsayi 67. Badr yana 118, tsayi 58. Mutanen Tawa su sani nasu ya ɗan bambanta, taurarin yamma sun ɗan sauka.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Parabol ɗin da aka fi sayarwa, mai dogon faranti da hannu a ƙasa, ba ya kallon inda fuskarsa ta nufa. Yana kallon sama da haka da digiri 20 da ƴan kai. Wanda ya kwantar da farantin har ya kai 71 da ido ya wuce Nilesat tuni. Bi lambobin da aka zana a ƙarfen baya. In ma'aunin bai kai 70 ba, kai shi ƙarshe ka ci gaba da ɗagawa da hannu kaɗan-kaɗan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne murɗa kan. A Turai ɗan juyi kaɗan ake masa, mu kuwa a nan juyin babba ne, kuma mai saitin da ya bar wayar kai tana kallon ƙasa tsaye zai samu rabin tashoshi, sauran su riƙa daskarewa. Tsaya gaban faranti kana kallonsa, ka ɗauki zoben kan tamkar fuskar agogo, wayar tana ƙarfe shida. Don Nilesat mayar da ita ƙarfe biyar. Don SES-4 ƙarfe huɗu. Eutelsat 16A tsakanin bakwai da takwas, Badr ƙarfe takwas. Yi wannan tun kafin ka fara nema.

Sassauta bulon daidai yadda farantin zai juya amma ba zai faɗi da kansa ba. Tsaya a bayansa, kada jikinka ya tare kan. Allon yana nuna layi biyu. Na farko, Intensité, yana cewa ne kawai waya da kai suna aiki, ko bango ka nuna masa zai tashi. Na biyu, Qualité, shi ne naka. Matsa farantin faɗin yatsa ɗaya, ka ƙirga uku, ka sake matsawa, domin dikoda tana jinkirin nunawa. Ka share hagu da dama ba ka ga komai ba? Ɗaga ko sauke digiri ɗaya ka sake sharewa. Da layin ya motsa, tsaya nan. Gyara hagu da dama har ya kai ƙololuwa, sannan sama da ƙasa, sannan ka ɗan murɗa kan, ka tura shi gaba ko baya cikin zobensa. Bincika tasha ka ga sunanta, don taurarin gabas suna kusa da juna, ana kama tauraron da ke maƙwabtaka a yi ta murna.

Ɗaure bulon bi-da-bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, idonka a kan allo, saboda ɗauri ma yana jan faranti. Naɗe mahaɗin waya da salatif na roba, ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga waje.

Kada ka gamsu da hoton da ya fito da ƙyar a lokacin rani. Ruwan Agusta yana cin sigina, kuma Nilesat da Badr ba mu aka nufa da haskensu ba, muna gefe ne. A kansu faranti mai santimita 90 ko mita 1.2 ya fi na 60 nesa ba kusa ba. Wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba kuma, rana takan bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke na ƴan mintoci kusa da azahar ya dawo da kansa. In ka ga haka, bar bulon yadda suke.