Yadda za ka bi hadari ka kalle shi a Zariya

Jama'a masu tambayata yadda nake ɗauko hotunan hadarin nan, to ga shi. A Amurka akwai masu bin guguwa da mota a jihohi irin su Oklahoma da Kansas, mu nan namu ya fi sauƙi, don hadarinmu kusan kullum daga gabas yake haɗowa ya nufi yamma, musamman farkon damina wajen watan 5 da kuma ƙarshenta. Idan an wuni ana zafi mai ɗaure jiki, bayan la'asar ka fara leƙa gabas.

Ka duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a waya, ka cika caji, ka samu fili inda gini bai tare maka sama ba, wajajen Shika ko bayan Samaru. Amma don Allah kar ka ce za ka hau Dutsen Kufena wai don ka gani da kyau, wallahi kai ne za ka zama abu mafi tsawo a wajen kuma aradu irin haka take nema.

Abin da ya fi komai shi ne ƙirga. Da ka ga walƙiya fara ɗaya, biyu, uku har ka ji tsawa, kowane sakan 3 kusan kilomita 1 ne tsakaninka da walƙiyar. In bai kai sakan 30 ba ka shige mota ka ɗaga gilas, babur ko Keke Napep ba mafaka ba ne, gindin mangwaro kuwa haɗari ne babba. Bayan tsawar ƙarshe ka ƙara minti 30 kafin ka fito.

Ni bara na tsaya ina bidiyo, gaban hadarin ya yi baƙi ƙirin ya kwanto kamar rumfa, sai iska mai sanyi ta bugo da ƙura da ƙamshin ƙasa, na ce bari in ƙara minti ɗaya, kawai sai ga fallen kwano ya wuce ta gefen kunnena yana ƙara. Wannan iskar sanyin ita ce sallama, da ta taɓa ka ka tattara.

Wajen dawowa in ruwa ya shafe hanya kusa da kogin Kubanni kar ka shiga, ka faka nesa da falwaya ka jira ya janye.