Shirya hotunan littafin EPUB don su fito daidai a kowace waya

Mai karatu a Yamai galibi a Tecno ko Itel yake buɗe littafin EPUB, wato littafin lantarki, ta WhatsApp aka turo masa, kuma da kuɗinsa yake saukewa. Da shi ake auna kowane hoto.

Hoton da waya ta ɗauka yakan kai piksel 4000 a faɗi. A rage shi zuwa 1200 ko 1600, a ajiye shi a nau'in fayil na JPEG da inganci 80 cikin 100. Taswira, zane da shafin ajami kuwa nau'in PNG ya fi musu, domin JPEG yana dagula bakin haruffa, wasali da ɗigo su cakuɗe. A bar nau'in WebP tukuna: EPUB 3.3 ya karɓe shi, amma tsofaffin manhajoji ba sa nuna shi. Launi ya zama sRGB, tsarin launi na allo. Hoton da aka shirya wa maɗaba'a da CMYK, tsarin launi na tawadar bugawa, yakan fito da launin da ba nasa ba, ko ya ƙi buɗuwa.

Sunan fayil yana yawan kayar da masu rubutu da Hausa. Kada a sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, kada a bar fili: kofar-gida.jpg. A kula da manya da ƙananan haruffa, don Hoto.JPG da hoto.jpg ba ɗaya ba ne a cikin EPUB. Idan sunan bai dace ba, nan ne mai karatu ke tarar da farin gurbi a inda hoto ya kamata ya zauna.

A CSS, fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi, a rubuta max-width:100% da height:auto, kada a ɗaure faɗi da adadin piksel, in ba haka ba hoto ya tsallake gefen allo. PNG marar bango, mai baƙin zane, ɓacewa yake yi idan an kunna yanayin dare. A shimfiɗa masa farin bango. Hoton da ya fito a kwance kuma, alamar juyawa ta EXIF (bayanan da kyamara ke ajiyewa cikin hoto) ce manhaja ta ƙi bi, sai a juya shi da hannu a sake ajiyewa.

Kowane hoto a ba shi bayanin alt, wato rubutun da ke faɗin abin da ke cikin hoton, da Hausa, saboda makafi masu sauraro. Hoton bangon littafi na Kindle, na'urar karatu ta Amazon, tsayi piksel 2560 faɗi 1600. Kafin a tura wa kowa, a bi littafin da EPUBCheck, manhajar da ke gano kurakuran EPUB, sannan a buɗe shi a ƙaramar waya, da rana da yanayin dare.