Darasi na 7: Kwano ɗaya muka ci, me ya sa ka riga ni jin yunwa?

Wannan darasin na waɗanda suka fara karanta dogon rubutu ne, kuma akwai ɗan lissafin agogo a ƙarshe, don haka kowa ya ajiye biro da littafinsa kusa. Maganar ciki za mu yi, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kusan kowane gida a nan Katsina akwai wanda aka liƙa wa sunan acici. Ana gama kalaci ko awa biyu ba a yi ba ya fara leƙa madafi, uwar gida ta ce "kai wanga yaro, wai mi ke cikin cikinka ne?", alhali yayansa da suka sa hannu kwano ɗaya shi har azahar ko ruwa bai nema ba. Da azumi ma haka, sahur ɗaya aka yi amma wani tun hantsi ya fara layi, wani kuwa sai la'asar sakaliya yake tuna akwai yunwa. Sau da yawa ba haɗama ba ce, kuma ba ragwanci ba ne. Abu biyu ne suka haɗu, irin abincin da aka ci da kuma irin jikin da abincin ya shiga.

Abin da ke cikin kwanon

Mafi yawan cimarmu sitaci ce, wato abinci mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, biredi, taliya, har da suga da lemon kwalba. In sun shiga ciki jiki yana narka su su koma suga su shiga jini. Ɗaya ɓangaren shi ne furotin, abinci mai gina jiki: wake, waken suya da ake awara da shi, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, kifi, nama, fara. A busasshen wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, waken suya ya fi kashi ɗaya cikin uku, gero yana da wajen kashi 11 cikin 100, shi kuwa garin kwaki da ƙyar yake kai kashi 2.

Wajen ƙarfin da suke bayarwa kunnen doki suke, da kalori ake auna ƙarfin abinci, giram ɗaya na sitaci kalori 4, na furotin ma 4, mai ne ya fi su da 9. Amma wajen riƙe ciki ba ɗaya ba ne. Tataccen sitaci kamar wutar kara yake, ta tashi bal-bal ta mutu, wake kuwa kututture ne da zai kai ka dare yana ci a hankali.

Ku duba yadda ake koko. A jiƙa gero, a kai inji, a tace da kyalle, a zubar da dusar wa awaki, abin da ya kwanta a ƙasan roba shi ne gasara, a dama a zuba suga cokali biyu ko uku. Duk abin da zai sa ciki ya yi aiki an riga an cire shi tun a tsakar gida, ga shi ruwa-ruwa ba tauna, sai ya wuce da sauri. Ashe waɗanda suka fara haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi.

Wa ke gaya wa mutum ya ƙoshi?

Ƙwaƙwalwa ce, amma saƙo take jira. In ciki ya zama wayam yana sakin wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne ɗan aiken yunwa. In abinci ya shiga ciki ya buɗe, jijiyoyi su kai labari sama, sannan hanji ya saki nasa sinadaran masu cewa ya isa haka. Furotin ya fi sitaci tayar da waɗannan masu cewa ya isa, kuma ya fi daɗewa yana danne girelin. Ban da haka narka shi kansa aiki ne, jiki yana ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin furotin wajen sarrafa shi kawai, sitaci kuwa kashi 5 zuwa 10. Saƙon nan ba nan take yake isa ba, yana ɗaukar wajen minti 20, shi ya sa mai loma kan loma yake wuce ƙoshi bai sani ba sai ya miƙe ya ji kamar zai fashe.

To amma kar wani ya je gida ya ce malam ya ce sitaci ba ya ƙosarwa. A 1995 a jami'ar Sidni ta ƙasar Ostireliya, wata mai bincike Susanna Holt da abokan aikinta sun gwada abinci iri 38, kowanne aka auno mai kalori 240, mutane suka ci ana tambayarsu yadda suke ji har awa biyu. Aka ba farin biredi maki 100 don a gwada saura da shi. Kun san wa ya zo na ɗaya? Dafaffen dankalin turawa, maki 323, kuma sitaci ne. Kifi ya samu 225, ƙwai 150, kek 65. Gyaɗa ma duk furotin ɗinta ba ta kai biredi ba, saboda mai ya yi mata yawa, ɗan cikin tafin hannu ya cika kalorin da aka auna. Shi dankalin, ruwa ne da shi da auki, yana cika ciki. Wato yadda aka sarrafa abu da yawan wurin da ya ci a ciki su ma suna da tasu rawar.

Inda muka bambanta

Nan ne zan ɗan daɗe. A 2021 masu bincike a Landan sun fitar da sakamakon mutum 1,070 da aka manna wa wata 'yar na'ura a hannu mai auna sugan jini dare da rana, aka ba su kalaci iri ɗaya. Kowa sugansa ya hau bayan ya ci, wannan ba labari ba ne. Labarin shi ne awa biyu zuwa uku bayan nan, wasu nasu ya sauko a hankali ya tsaya daidai, wasu kuwa ya rikito har ƙasa da inda yake kafin su ci, kuma waɗannan masu rikitowar su ne suka fi saurin jin yunwa, suka riga saura komawa kan abinci, a yini suka ci wajen kalori 300 fiye da sauran. A cikin mutanen har da tagwaye masu kama ɗaya sak, Hassan da Usaini ke nan, su ma jikinsu bai amsa abincin iri ɗaya ba. Kun ga ba gado kaɗai ba ne. Wanda jikinsa ke irin wannan rikitowar, shayi mai suga da biredi zalla da safe cutarsa yake, ƙarfe goma zai ji hannu na rawa, ido na duhu, rai na ɓaci ba dalili, wani kuma ya sha shayin nan ya wuni garau.

Barci ma yana ciki, kuma mu nan ba mu ɗauke shi bakin komai ba. A 2004 a jami'ar Shikago ta Amurka an hana wasu samari 12 barci sai awa huɗu kawai, dare biyu a jere, girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, kuma abin da ransu ya riƙa biyawa shi ne kayan zaƙi da sitaci. Mai gadi, direban da ya kwana a hanyar Jibiya ko Funtuwa, mai jego da jariri ya hana runtsawa, da matashin da ya raba dare yana latsa waya a majalisa, duk kar su yi mamaki in tuwon da ya saba riƙe su yau ya kasa.

Sai aiki. Ɗan garuwa mai tura kura tun asuba da manomin rani a Ajiwa ba za a haɗa su da tela ko mai jiran shago ba, naman jikin mai aikin ƙarfi yana zuƙe suga daga jini, shi malmala uku daidai ne, mai zama kuwa biyu ma sai ta sa shi gyangyaɗi. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin wajen kalori 500 a rana, don haka in ta nemi ƙari a ba ta ba tare da gori ba. Mata da yawa sukan ji cin abincinsu ya ƙaru 'yan kwanaki kafin al'ada. Tsofaffi kuma akasin haka ne, loma kaɗan Baba ya ce alhamdulillahi ya ture kwano, alhali jikinsa na buƙatar furotin don kar naman jiki ya zube, shi ya kamata a fara miƙa wa ƙwan ko kifin kafin tuwo ya cika shi.

Nono ma ba kowa ya karɓa ba. Manya da yawa cikinsu ba ya iya narka sugan da ke cikin madara, sai kumburi da ƙugi da iska, mutum ya ɗauka ƙoshi ne alhali wahala ce. Fulani da yawa sun gaji iya narka shi. Kindirmo da nonon da ya yi tsami sun fi sauƙi a ciki. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Abin yi ba sai da nama ba

Na san tsadar nama, ba zan ce a sayi kilo ba. Garau-garau a ƙara hannu a waken a rage shinkafar. Ɗan wake a tabbata da wake a ciki, don na yanzu wani fulawa ce da rogo da kuka kawai, sunan ne ya rage. A daka ƙuli-ƙuli a barbaɗa a kwaɗon zogale ko dambu ko kwaki, a sa awara biyu kusa da biredin yara, Indomie a fasa mata ƙwai. Gero da dawa kar a surfe su su yi fari tas, 'yar dusar nan tana rage gudun narkewa. In da hali a fara da ganye da wake kafin tuwo, kuma a tauna.

Yaro kuwa ƙoshinsa ba shi ne shaida ba. Ana iya cika masa ciki da tsinkakken koko ya yi shiru ya yi barci, amma tamowa na cinsa a hankali. Daga wata shida, tare da nonon uwa, a riƙa sa garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya a kununsa, kuma a yi shi da kauri.

Mai ciwon ƙoda kar ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kar ya rage abinci da ka. Wanda kuma yake ci ba ya ƙoshi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama, wannan ba maganar wake ba ce, ya je asibiti a auna masa suga.

Aikin gida

Ka ja layi uku a shafi daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida huɗu. A na farko ka rubuta abin da ka karya da shi, na biyu lokacin da ka ci, na uku lokacin da yunwa ta fara taɓa ka, na huɗu ko ka yi barci sosai daren jiya. Kwana uku ka karya da sitaci zalla, kamar koko ko shayi da biredi, kwana uku kuma ka haɗa da ƙosai ko alala ko ƙwai. In akwai wani a gida da zai yi tare da kai ya fi, ku ci iri ɗaya, kowa ya rubuta nasa.

Ga gwajin lissafi kafin nan. Inna ta sha koko ƙarfe 7:30, yunwa ta kama ta 9:30. Washegari ta sha koko da ƙosai ƙarfe 7:30, ba ta ji yunwa ba sai 11:00. Awa nawa ta yi a rana ta farko, nawa a ta biyu, kuma mene ne bambancin? A rubuta amsar da lamba sannan da kalmomi, a zo da littafin ranar darasi na gaba.