Yadda za ki karɓi riƙon 'ya'yan 'yar'uwarki idan an ɗaure ta

Da farko, ki kwaso yaran ranar nan, kada su kwana a hannun maƙwabta. Ki haɗo da kayan makaranta, katin rigakafi da takardar haihuwa.

Na biyu, ki tara dangi har da uban yaran. A mazhabar Malikiyya, idan uwa ta kasa reno, kakar wajen uwa ce kan gaba, sai inna, wato ke. In Hajiya tana da ƙarfi, haƙƙinta ne. In ta sallama miki, ta faɗa a gaban shaidu biyu.

Na uku, ki je kotun shari'a mafi kusa ki nemi alƙali ya tabbatar miki da riƙon a rubuce, ya kuma yanka wa uban kuɗin ci da sutura da makaranta. Kada ki ji kunyar wannan, ciyarwa wajibinsa ce. Na ga yarinyar da ta bar aji huɗu saboda an tsaya kara.

Sannan ki tambayi ranar ziyara a gidan gyaran hali, ki kai su su ga uwarsu. Ƙaramin zai yi kuka a bakin ƙofa. Ki riƙe hannunsa ku shiga.