Daga Garwa zuwa Elmina: yadda ake ziyartar tsohuwar kagarar bayi

Mutumin Garwa ko Marwa ko Njamena da zai je Gana, ya fara da takardu kafin ya fara lissafin kuɗin mota. Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka sauƙin shigar da ɗan Najeriya ke samu ba dole ba ne ya shafe ka. Tuntuɓi ofishin jakadancin Gana tun da wuri kan batun biza, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a kan iyaka. Sefarmu ta Afirka ta Tsakiya ba ita ce ta Togo da Benin ba, ko da yake darajarsu ɗaya, kuma Gana da sidi take aiki. Masu canji a can sukan karya farashin sefarmu ko su ƙi karɓa ɗungum. Ka canza zuwa yuro ko dala tun a gida.

Hanya biyu ce. Ko jirgin sama daga Duwala ko Njamena, wanda yakan ya da zango a Lome, ko kuma mota ta Najeriya zuwa Legas, Kwatano, Lome, sai iyakar Aflawo, duka biyun a Akara babban birnin Gana suke ƙarewa. Daga Akara, tashar Kaneshi ake shiga motar Kef Kos, tafiyar kilomita wajen 150. Ka bar Akara da asuba, in ba haka ba cunkoson garin Kasuwa da ke kan hanya zai cinye maka safiya. Daga Kef Kos zuwa Elmina kamar kilomita 12 ne, tasi na haɗaka yana kaiwa.

Turawan Fotugal suka gina kagarar a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su. Ɗakunan ƙasa da za a nuna maka rumbunan kaya ne da fari, sai daga baya aka mayar da su ma'ajiyar mutane. Shi ya sa ba su da taga ta kirki: ba don mai numfashi aka yi su ba. A 1637 Turawan Holan suka ƙwace wurin, bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa suna ruwan wuta daga sama. Ingila ta karɓa a 1872, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

A bakin ƙofa samari za su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka. In ka faɗa, kana fitowa za ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. Ka gaisa ka wuce. Tikiti a ciki ake saye, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro kyamara. Zagayen da ɗan jagora yakan ɗauki kusan awa ɗaya. Da Turanci ake bayani, saboda haka wanda Faransanci ya iya ya nemi mai jin sa tun a wurin biya, ko ya zo da wani daga zango, wato unguwar Hausawa. Da wuya ka rasa mai jin Hausa a Gana, sai dai Hausar tasu ta sha ruwan Turanci.

Kada ka yi gaggawa a farfajiyar mata. Ɗaga kai ka ga barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓen wadda za a yi wa wanka a haura masa da ita ta matakalar katako. A ƙasa akwai harsashin igwa, dunƙulen ƙarfe mai nauyi, wanda ake ɗaure wa wadda ta ƙi a ƙafa, a bar ta cikin rana. Sama da ɗakunan nan kuwa majami'ar Turawan Holan take. Suna ibada, mutane na nishi a ƙarƙashin ƙafarsu. Akwai kuma ɗan ɗaki mai alamar ƙoƙon kai a saman ƙofa, inda ake kulle wanda ya yi tawaye ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Wasu 'yan jagora kan rufe ƙofar na ɗan lokaci don a ji yadda duhun yake. Mai asma, ko tsoho, ko mai juna biyu, ya tsaya waje, babu abin kunya.

Daga nan sai ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa. Tsaga ce siririya, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya karkace. Rufin hanyar gajere ne, dogo ya sunkuya.

Tambayar da ya kamata Bahaushe ya yi wa ɗan jagora ita ce: daga ina aka kawo su? Da yawa daga arewa suka fito, ta kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, wato kasuwar da fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen goro. Goro da bawa a kasuwa ɗaya aka yi cinikinsu. Sojojin Hausa ma sun yi wa Ingila yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, kuma a wannan ginin aka tsare sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo. Ba tarihin wasu kaɗai ka zo kallo ba.

In da sauran ƙarfi, hau tudun nan ka ga ƙaramar kagarar da Holan suka gina don kada a yi musu abin da suka yi wa Fotugal. Daga can ake ganin jiragen masunta cike da bakin gulbin Benya. Ranar Talata masunta ba sa fita, don haka mai son ganin kasuwar kifi a cike ya zaɓi wata rana. Damina takan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. Ka zo da ruwan sha da takalmi mai riƙe ƙafa, domin daɓen yana da santsi. Teku kuwa, wanda ya koyi iyo a Binuwai ko Logon kada ya gwada ta, igiyarta ja take yi ciki.