Darasi na Tara: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Fitar da Zakkar Shagonsa

Zakka ita ce rukuni na uku daga cikin rukunan Musulunci biyar. Haƙƙi ce da Allah Ya sanya wa mabuƙata a cikin dukiyar mai hali, kuma da lissafi ake fitar da ita. Wanda ya damƙi kuɗi a aljihu ya raba wa almajirai ranar Juma'a ya yi sadaka, yana da ladanta, amma zakkarsa tana nan a wuyansa.

Sharuɗɗa biyu ne a kan kuɗi da kayan sayarwa. Na farko dukiyar ta kai nisabi, wato dinare 20, kimanin giram 85 na zinare. Da yake farashin zinare ba ya zama wuri ɗaya, nisabi a naira yana hawa yana sauka, don haka a tambayi na ranar wajen malamai ko a ofishin Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003. Na biyu shekara ta zagayo a kan dukiyar, shekarar Musulunci, wadda ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. Abin da ake fitarwa shi ne ɗaya cikin 40.

Mu ɗauki mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Ranar da shekararsa ta cika, sai ya ɗauko littafi da biro, shi da yaron shago su bi kanta ɗaya bayan ɗaya. Su ƙirga turamen atamfa, da shadda, da leshi, da dilolin da ba a kwance ba a sito. Har kwantan da ya yi ƙura a can saman kanta sai an sauko da shi an yi masa kuɗi. Ana yi wa kaya kuɗi ne a farashin da kasuwa take ba su a ranar, ba a yadda aka saro su ba. Shagon kansa, da kantoci, da fanka, da janareta, da motar ɗaukar kaya, duk ba sa shiga lissafi, domin ba don sayarwa aka ajiye su ba.

A ce kayan sun kama naira 24,000,000. Yana da 9,000,000 tsakanin banki da akwatin shago. Yana bin abokan ciniki 3,000,000 da yake sa ran za su biya. An haɗa 36,000,000 ke nan. Shi kuma dilan da ya ba shi kaya yana bin sa 4,000,000, kuma ba shi da wata kadara a gefe da za ta tsaya a madadin bashin, sai a cire. Saura 32,000,000. A raba gida 40, zakkarsa ta zama naira 800,000. Bashin da aka fid da rai da shi kuwa, ba a lissafa shi sai ranar da ya dawo hannu.

Wasu kan jira watan azumi don neman ƙarin lada. Idan shekararka ta cika a Rajab, a Rajab ta wajaba, kada ka riƙe wa talaka haƙƙinsa wata biyu. Kuma a ƙulla niyya a zuci lokacin fitarwa.

Waɗanda ake ba wa kashi takwas ne, suna cikin aya ta 60 a Suratut Tauba. A unguwanninmu an fi haɗuwa da faƙiri, da miskini, da wanda bashi ya yi wa katutu, da matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Ba ka ba iyayenka ko matarka ko ƙananan 'ya'yanka, tun da ciyar da su dama a kanka yake. Ba ka kuma lissafa ta cikin albashin yaron shago. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake tara jama'a a ƙofar gida cikin rana, ana turereniya, kowa ya tafi da abin da bai wuce cefanen yini ɗaya ba. Wannan 800,000 ɗin, in aka ba mutum huɗu, gwauruwa mai marayu za ta sayi keken ɗinki, wani ya tada jarin da ya karye. A bi su har gida a ba su cikin sirri.

Haraji daban yake. Tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, amma har yau ɗan kasuwa yana biyan kuɗin shago da na hukumar tara kuɗin shiga. Wannan haƙƙin hukuma ne, ba ya sauke zakka. Zakkar kono ma daban take: mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, a kan kowane mutum na gida, kafin a tafi sallar Idi.

Aikin aji

1. Karanta sakin layi na uku da ƙarfi, sannan ka rubuta abubuwa uku na shago da ba a fitar musu da zakka.
2. Wata Hajiya mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa tana da kaya na naira 30,000,000 da kuɗi 10,000,000 a banki, ba a bin ta bashi. Nawa za ta fitar?
3. Rubuta watannin Musulunci 12 a jere, ka ja layi a ƙarƙashin watan da ka fara sana'arka.